Sunan Yankan Ɗan Azumi

"Tsaya," in ji Inna Kaltuma. "Wane ne kuma Idris?"

Fadimata ta ɗago kai daga littafin da ke kan cinyarta. Ni ina bakin ƙofa ina fifita kunun da na damo wa Inna, sai na ajiye mafici, don na san wannan murya. Da ita tsohuwar take tare mai awon hatsi in ya danna yatsa cikin tiya.

"Inna, yaronki ne, Ɗan Azumi," Fadimata ta ce. "Sunan ne kawai na canja. Ke ma a nan ciki ba Kaltuma kike ba, Jummai na sa miki."

"Jummai? Ni da aka haifa ran Talata?"

Na tuntsire da dariya, sai na ga ni kaɗai nake yi.

Inna Kaltuma maƙwabciyata ce a nan Falanko. Danga ɗaya ta raba mu tun ina amarya, yau ga ni da jikoki ina ta fama da sana'ar ƙuli-ƙuli. Ba ƴar garin ba ce. Ita da mijinta sun gangaro ne daga wani ƙauye na wajen Tarka a babbar yunwar tamanin da huɗu, ƙauyen da yanzu ko kufainsa ba a ganewa. Su uku suka taso, su biyu suka iso. Iyakar abin da muka sani shi ne yaro ne, ɗan fari, ya isa bin awaki, kuma ana ce masa Ɗan Azumi don a watan azumi ya zo duniya. Allah bai sake ba ta haihuwa ba. Sunansa na yanka kuwa babu wanda ya taɓa tambaya, don wace uwa ce za ta kama sunan ɗan farinta? Mijin ma har ya koma ga Allah bai faɗa ba.

Ita kuma Fadimata ɗalibar jami'a ce, Inna na ce mata ƴar lakwal, wato ƴar boko, ƴar makiyayan Belbeji. Mu a Damargu mun ga masu anket har mun gaji. Su zo da farar mota, su tambaye ka awakinka nawa, sau nawa kuke ɗora tukunya, su tafi, baɗi wasu su zo da irin tambayar. Ita dai ba ta ƙirga akuyar kowa ba. Bincike take yi na digirin dakta a kan zaman jama'a, tana son jin yadda mata suka yi da shekarun yunwa, abin da suke tunawa da abin da suke kauce wa tunawa. Bara waccan ta yi watanni a garinmu tana zama a ƙasa tana taya mu ɓarar gyaɗa, muna yi wa Hausarta ta mutanen arewa tsiya. Wata rana ta yi yini guda a ɗakin Inna da ƴar na'urarta ta ɗaukar magana, ni kuwa aka ce in koma gidana. Har yau ban manta ba.

To yanzu ta dawo da littafin, cikin Faransanci, tana bi gida-gida tana fassara wa kowace mace abin da ta rubuta daga bakinta. Gaskiya a yaba mata, ban taɓa ganin mai anket da ya dawo ba. Sai ta tarar da Inna kwance. Tun kaka ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara yi mata gardama, likitan Tanut ya ba ta ƙwayoyi ya ce ta koma gida ta huta. Kowa ya san abin da wannan hutu yake nufi.

"Wa ya yanka ragon?" Inna ta tambaya.

"Wane rago, Inna?"

"Na sunan nan da kika raɗa masa. Nasa dai ubansa ya taka har Belbeji ya jawo shi da igiya. Fari ne, da baƙin kunne. Naki wa ya yanka?"

Fadimata ta rufe littafin a hankali. Ta ce dokar aikinsu ce, ba a sa sunan mutum na gaskiya, don kada abin da ya faɗa ya dawo ya cuce shi ko ya cuci nasa. "Na gaya miki tun farko, Inna. Na ce zan ɓoye sunaye, kika ce to."

"Na ce to. Na ɗauka irin maganar nan ce ta ladabi, kamar baƙo ya ce ya ƙoshi." Inna ta tsaya ta nemo numfashi. "Ƴar lakwal, ke kika ce mini abin da aka rubuta ba ya mutuwa. Tun da na haifi yaron nan bakina bai kira sunansa ba. Ran nan na rufe ido na faɗa miki, har na yi zufa. Na ce shi ke nan, na ajiye shi inda gara ba ta ci. To kunna abin naki in ji."

"Na goge, Inna. Alkawarin da na yi muku ke nan, in na gama aiki in goge muryar kowa."

"Ke fa? Kin riƙe?"

Ashe sunan ya kuɓuce wa yarinyar nan. Mata da yawa ta ji, kowace da matattunta. Inna ta dube ta na ɗan lokaci, ta juya fuska bango. Kunun nan haka ya huce ba a taɓa shi ba.

Da muka fito tsakar gida ban raga mata ba. Na ce, "Ke dai garin gyaran gira kin tsone ido. Mutuniyar nan ba ta da gona, ba ta da jika, abu ɗaya ta mallaka ta ba ki ajiya, kika zubar."

Ba ta musa ba. Ta ce, "Iya Husaina, ke ma kin gaya mini abin da kuka ci a yunwar dubu biyu da biyar. Kina so in sa sunanki?"

Ni na san yadda muka haƙa gidan tururuwa muna tsintar hatsin da suka tara, kuma ko ƴaƴana ban gaya wa ba. Ina da surukai a garin nan masu dogon baki. In an rubuta Husaina mai ƙuli ta Falanko a jikin wannan labari, jikokina za a riƙa yi wa waƙa a dandali.

"Ni kam a'a," na ce.

"Yawancinku haka kuka ce. Sai na ɗauka kowa haka ne." Ta goge ido da gefen mayafi. "Kuma mu a wurinmu ba a kama sunan wanda ya mutu. Ko na kakana ban taɓa faɗa ba. Ranar da na canja na yaron nan, wallahi na ɗauka mutunta shi na yi."

Haushina ya ragu, amma bai tafi duka ba. Dokarsu ta rufa mini asiri, ta kuma binne ɗan Inna karo na biyu, ni kuwa na rasa wanda zan zaga.

Washegari motar da ta kawo Fadimata ta koma Damagaram ba da ita ba. Ta shimfiɗa tabarma a rumfar Inna, tana ɗebo ruwa, tana wanke zannuwa, tana juya tsohuwar in gefe ɗaya ya gaji. Inna tana karɓar ruwa daga hannunta, amma ba ta ce mata ci kanki. Wani lokaci in hango Fadimata zaune ita kaɗai tana motsa leɓe, tana gwada sunayen maza ɗaya bayan ɗaya ko wani zai faɗo mata, sai ta girgiza kai. Ni ma na yi nawa lissafin. Uwa ba ta kiran duk mai sunan ɗan farinta, don haka na bi mazan garin a zuciyata ina neman wanda Inna ba ta taɓa kama sunansa ba. Aikin banza na yi. Inna ba ta kiran kowa da sunansa, daga Dogo sai Mai Kanti sai Na Rijiya.

Wata safiya ina shafa mata man gyaɗa a ƙafa na ce, "Inna, ki gaya mini mana. Ni ba na gogewa."

"Ke?" Ta harare ni. "Gobe in dube ki da wane ido? Baƙo ake gaya wa irin wannan, don shi zai tafi."

Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ni na yi mata jinyar miji, ita ta yanke wa ƴaƴana cibi, amma ga shi kusancin ne ya hana ni. Na ci gaba da shafa mai.

Ran Alhamis da hantsi jikin Inna ya rikice. Ta ƙi kunu, ta ƙi ƙwaya, ta sa aka jingina ta da bango. Ta ce, "Kira mini ƴar lakwal."

Fadimata ta shigo ta durƙusa. Kafin Inna ta yi magana ta riga ta, ta ce wannan littafi an riga an karɓe shi a jami'a, ba ya gyaruwa, amma za a sake buga shi don mutane su karanta, kuma za ta nemi izini wurin malamanta a sa sunan gaskiya tunda mai shi ce ta nema. Sai dai abin zai ɗauki watanni.

"Watanni," in ji Inna, har da ɗan murmushi. "Bar takardarki. Na yi tunani, ashe ba ita nake so ba. Ranar da muka rufe shi, gindin wata aduwa ce a bakin hanya. Ba liman, ba likkafani, sai zanena. Ubansa ya yi masa salla shi kaɗai, ni ina tsaye daga nesa. Babu wanda ya ce amin." Ta huta. "So nake a kira shi sau ɗaya gaban mutane, da sunan da aka yanka masa rago, a ce amin. Za ki iya?"

Na san abin da ake nema a wurin Fadimata, tunda ta gaya mini al'adarsu. Ta ce, "Zan iya, Inna." Ta laluba jaka za ta ciro salula.

"Mayar da wannan. Kunnenki nake so." Sai ta waiwayo gare ni. "Husaina, jeki duba kaskonki, ƙulinki zai ƙone."

Ko wuta ban hura ba ran nan, kuma ta sani. Na tashi na fita. Na tsaya jikin rumbu ina kallon kaji suna tono, ina jin haushi, ina kuma roƙon Allah ya ba ta numfashin da zai isa. Ban ji komai ba. Can Fadimata ta fito idonta jajur, ta gyaɗa mini kai, ta ce Inna ta ce in dawo in riƙe mata hannu. Tsakanin azahar da la'asar ta cika, hannunta cikin nawa, muna yi mata kalmar shahada. Kafin magariba an kai ta.

Daren farko da na biyu Fadimata a ɗakina ta kwana, ba ta ci abin kirki ba. Ran sadakar uku da sassafe muna tuyar waina na ce mata, "Ki raɗa mini in kai wa liman. Ke kin huta da karya al'adarku, ni kuma ba kunyar kowa a kaina yanzu." Ban ce mata ina mutuwar son in ji ba, amma ta gane.

"Ni aka ba, Iya," ta ce.

Maza sun cika ƙofar gida a kan tabarmi, mu mata muna ciki bayan danga. Ta gyara lulluɓi ta fita. Na manna ido a wata kafa ta danga ina kallo. Ta ratsa ta gefen takalma, ta durƙusa nesa kaɗan da liman, Malam Nasiru, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Tsohon kunnensa ya yi nauyi. Ya karkato ya ce, "Wa?" Dole ta sake faɗa. Ta dawo ta zauna kusa da ni.

Liman ya ɗaga hannu. Ya yi wa Inna Kaltuma addu'a, ya yi wa mijinta, ya yi wa iyayenta. Sannan ya ce, "Allah ya jiƙan ɗanta Harisu, ya haskaka kabarinsa duk inda yake, ya sada shi da mahaifiyarsa."

Babu mai wannan suna a Falanko. Na ga maza suna duban juna, wani yana ɗaga gira yana tambayar na kusa da shi. Maigari ne ya fara cewa amin, sauran suka bi, amin ɗin ya zagayo ta bayan danga ya iso wurinmu. Muka shafa. Matar da ke gefena ta taɓo ni ta ce, "Wane ne Harisu?"

"Ɗan Inna ne," na ce, na miƙa mata faifan waina ta wuce da shi gaba.