Ramar Saman Bene

Da farko na ɗauka ƙudan zuma ne suka shiga bango. Bayan isha'i ne, na kwanta na jingina kunnena da bangon ɗakina kamar yadda na saba, domin bangon gidajen unguwarmu ta Nakkasa, a nan Makka, yana magana ga wanda ya iya saurare: tarin maƙwabci, famfo mai ɗiga, kyanwa a kan kwano. Amma wannan sautin baƙo ne. Wani gurnani ne siriri, ba ya hawa ba ya sauka, ba ya tsayawa ya ja numfashi. Zuma kuwa me za ta ci a kan dutsen da ba shi da fure ko ɗaya? Na ce ko aljanu ne ke niƙa. Na karanta abin da na iya, na ɗauki sandata na bi shi.

Ya kai ni saman bene, ƙofar ɗakin da muke tara tarkace. Wani haske ne ke lasar ƙasa ta ƙarƙashin ƙofar, ba ja ba, ba shuɗi ba, irin wanda ban taɓa gani ba ko a shagunan unguwar Kudai. Na tura.

Muttaka ne a tsugune, jikana, ɗan 'yata Raliya. A nan Makka aka haife shi. Yana goye aka kama ubansa aka mayar da shi Nijeriya, shi kuwa ya tashi ba takardar zama, don haka ba makaranta mai nisa, ba aiki mai ɗorewa. Ya wuce ashirin yanzu. Kwana yake da rana, in ya yi magana da Larabci yake yi, Hausa sai in abinci yake nema.

Ya zabura har ya kifar da buta.

"Ya Sidi, ka kusa kashe ni." Sidi yake kirana, wato kaka a Larabcin nan.

"Ashe kai ne aljanin. To ai da ma na ga alama tun ranar suna."

Fanka ce ke gurnanin. An liƙe bango da takarda mai walƙiya, an rataya fitilu a sama, ƙarƙashinsu gwangwanayen madara a jere, kowanne da ɗan tsiro kamar tsawon tafin hannu. Na durƙusa da ƙyar. Ganye ne mai yatsu, sirara, gefensu kamar haƙoran zarto. Rabona da ganin wannan ganye ɗanye tun ina saurayi a ƙauyenmu na ƙasar Kazaure, a bayan ɗakin mahaifiyata.

"Rama," na ce. "Muttaka, rama ka shuka?"

Ya dube ni, ya dubi gwangwanayen.

"Aiwa," ya amsa da Larabci. "Rama."

*

Tun daga ranar na zama ɗan ƙwadagonsa. In na idar da asuba sai in hau benen ina haki, in same shi ya riga ni. Ya nuna mini sauran irin a cikin kwalbar turare. Na zuba a hannu na yi ta kallo: ƙwaya ce zagayayya mai zane-zane, kamar an ƙanƙanta ƙwan zabuwa.

"Irin ramarmu ba haka yake ba. Namu baƙi ne, mai kusurwa."

"Wannan na ƙasar waje ne, Sidi."

Na yarda, har na ji daɗi. Duniyar da ake sanya wa tsiro rana ta lantarki da iska ta fanka, me zai hana rama ta sauya ƙwaya? Wasu abubuwan nasa ma dariya suke ba ni. Yana kunna fitila ya kashe da agogo, kamar mai gadin asibiti. Watarana ya tuge wasu masu ƙoshin lafiya ya zubar, wai maza ne.

"A gonarka ma maza ba su da iƙama ke nan," na ce.

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Rabon da in ji dariyarsa na manta.

Ni kuma na koya masa abin da ba ya cikin wayarsa: yadda ake tura yatsa cikin ƙasa a ji ƙishirwarta, yadda ganye ke sunkuyar da kai in an cika masa ruwa. Na raɗa wa kowace suna. Doguwar nan ta kusurwa Hajiya Babba, mai karkata wajen fitila Kwaɗayayya, 'yar ƙaramar da ta ƙi girma Auta. Ya fara yi mini tambayoyi da Hausa, gurguwar Hausarsa mai ɗanɗanon Larabci. Yaya damina take? Da gaske ne ƙasa na ƙamshi in ruwan fari ya sauka? Da gaske mutum zai yi tafiyar yini guda bai ga dutse ba, kuma ba wanda zai tare shi ya ce ina takardarka?

"Da gaske ne."

"To me ya kawo ka nan, tsoho?"

"Na zo in haifi uwarka, don ta haifo mini wanda zai riƙa yi mini rashin kunya."

Abu guda ya roƙe ni: kada in gaya wa kowa. Na ce to. Amma farin ciki ba ya zama a cikin tsoho. Maƙwabciyarmu Hajiya Maryama, Basakkwaciya ce mai sayar da kwaɗo a bakin lungu, da busasshiyar ramar da alhazai ke kawo mata a jaka take yi. Ran nan na tsaya ina kallon robarta, sai na ji bakina ya ce:

"Hajiya, wannan ai ciyawar akuya ce. Ki bari tamu ta isa tsinka, ki ga ɗanyar rama."

"Ɗanyar rama a Makka? Malam Uzairu, ko zafin rana ne?"

"Jikana ke noma ta. A ɗaki."

Ta tafa hannu. "Muttaka mai barcin nan? To Allah ya shi albarka. Ƙuli-ƙuli nawa ne, ganye naku. Ni zan kwaɗa da hannuna."

*

Suka yi tsawo har suka kamo kafaɗata. Ni fure nake jira. Furen rama ba ya ɓuya: buɗaɗɗe ne, fari mai ratsin ruwan ƙwai, da jan ido a tsakiya. Kullum sai in duba Hajiya Babba, ba fure. Sai wasu dunƙule-dunƙule masu gashi da danƙo a kan rassan, da wani wari mai nauyi da ke bin riga har masallaci.

Wata safiya Muttaka bai hau ba. Na tsinki ganye ɗaya na sa a baki. Rama tsami gare ta, tsamin da ke tsinka yawu tun kafin a tauna. Wannan ɗaci ne, da wani kauri a maƙogwaro. Na tsaya da ganyen a kan harshe, sai warin nan ya buɗe mini wata ƙofa a ka: bayan tashar motar Kano, ina saurayi, 'yan kamasho a ƙarƙashin lalatacciyar mota, idanu jajur, hayaƙi na tashi.

Na tofar. Na zauna a kan bokiti. Fanka na ta gurnaninta, ganyen na rawa a hankali kamar suna gaishe ni.

Sai abubuwa suka riƙa zuwa suna zama kusa da juna. Jan idonsa da na ce rashin barci ne. Dariyar nan da nake murna da ita, wadda wani lokaci ba ta da dalili. Da Rakan, wani saurayi mai farar mota da ke tsayawa can gangare, ba ya hawowa, ba ya sallama.

Na san abin da ake yi wa wanda aka kama da wiwi a ƙasar nan. Kurkuku ne na shekaru, in an fito da rai kuma a sa mutum a jirgi. Muttaka zai sauka a ƙasar da bai san kowa ba, da Hausar da ba ta isa sayen goro ba.

Duk da haka na shayar da su a ranar. Washegari ma haka. In na buɗe baki zan yi magana, sai ya ce, "Sidi, dubi Auta, ta fara hankali," sai in duba.

Hajiya Maryama ce ta tashe ni. Ta tare ni a lungu tana murmushi.

"Malam, mata sun dame ni. Har matar umda ta ce a sa da ita, tana so ta hau ta gani da idonta. Amma ramar nan taku akwai ƙarfin wari. Jiya har ɗakina."

Umda shi ne mai unguwa. Abin da matarsa ta gani da safe, ya isa ofis kafin azahar.

*

Ana saura kwanaki kaɗan Arfa, Muttaka ya yanke su. Ya rataye su a igiya kai ƙasa, kamar kayan wanki. Ya samu aikin kwashe shara a Muzdalifa na kwanakin Hajji, irin aikin da ba a tambayar takarda.

"Kada ka kashe fanka, Sidi. Kada ka buɗe wa kowa. Bayan Sallah za a zo a ɗauka."

"Wa zai ɗauka? Ba kwaɗo za mu yi ba?"

Ya kau da kai. "Za a rage maka."

"Muttaka."

"Na'am."

"Na ɗanɗana ganyen."

Yana ɗaure takalmi ne. Hannunsa ya tsaya, sannan ya ci gaba da ɗaurin.

"Sau ɗaya ne, Sidi. Ka gaya mini wani abin da zan shuka a garin nan ya fito."

Ya miƙe. Ya fita.

Ranar Arfa unguwa ta zama kango. Kowa ya tafi neman lada ko neman abinci, sai tsofaffi da kyanwoyi. Ina azumi. Na hau benen da buhun shinkafa, na kashe fankar. Shirun da ya biyo baya har kunne ya yi mini ciwo. Na sauke su ɗaya bayan ɗaya. Hajiya Babba ba ta shiga ba sai da na karya ta biyu. Auta na sa a ƙarshe, ban san lokacin da na ce mata ta yi haƙuri ba.

A matakala buhun ya fi ƙarfina. Sai na ga Raliya a ƙasa, ta bar keken ɗinkinta, ta yafa mayafi.

"Baba, kawo in kama maka."

"Kin san ko mene ne?"

"Ni ke wanke masa kaya."

Muka bi ta bayan gida zuwa ɓangaren da aka rushe, inda gidajen mutanen da muka sani suka zama tsibin bulo. Akwai ramin tsohon masai da katafila ta buɗe. Muka jefa buhun, muka bi shi da duwatsu. Daga nesa ana jin jiragen sama masu saukar ungulu suna kewaya Arfa. Raliya ta goge hannunta a mayafi, ta goge, ta sake gogewa.

Muttaka ya dawo kwana biyu bayan Sallah, ya yi baƙi, ya rame. Bai ko sha ruwa ba ya hau sama. Na bi shi. Na same shi tsaye a tsakiyar ɗakin, igiya ba komai, gwangwanaye a kife.

Na shirya wa ihu. Bai yi ba.

"Ba nawa ba ne ni kaɗai," ya ce. Da Larabci ya faɗa. "Fitilun nan, da irin, duk na mutane ne. Ba sa jin an zubar."

"Ka kai ni wajensu. Ni na zubar."

Ya yi ɗan murmushi. "Kai da ba ka iya hawa bene sai ka huta sau uku."

"Gara su zo su same ni da a zo a tafi da kai."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Bai duba ba. Ya matso ya kama kaina da hannu biyu ya sumbaci goshina, kamar yadda yaran nan ke yi wa manyansu ranar Idi. Rigarsa na warin rana da shara.

"Ramar gaske," ya ce, wannan karon da Hausa, "da gaske tsami gare ta?"

"Har sai ka runtse ido."

Ya gyaɗa kai. Ya sauka. Ta kan katanga na hango farar mota a gangare, na ga ya buɗe ƙofar baya ya shiga.

*

Alhazai sun watse, gari ya koma na masu shi. Raliya takan zuba abincinsa ta rufe, da safe ta juye wa kyanwoyi. Wayarsa in an kira, wata mace ce ke cewa a sake gwadawa. Ba mu da inda za mu kai cigiya, domin wanda za a tambaya shi zai fara tambayar takarda.

Ni kuma barci ya ƙi. Na saba da gurnanin nan. Wani lokaci nakan hau in kunna fankar, in zauna a kan bokiti, tana kaɗa igiya.

Jiya da la'asar muna zaune a tsakar gida, Raliya na ɗinki, ni ina wasa da kwalbar turaren nan da ba komai a ciki. Aka yi sallama. Hajiya Maryama ce, da kwano a hannu an rufe da faifai. Ta buɗe: dakakken ƙuli-ƙuli ne, an haɗa da barkono da gishiri, har da yankakkiyar albasa a gefe.

"Na gaji da jira, na ce bari in kawo nawa kason," ta ce. Ta ajiye kwanon a gabana, ta ɗaga kai ta dubi saman benen, ta shaƙi iska. "Warin ma ya ɗauke. Malam, ramar ba ta isa tsinka ba har yanzu? Shi kuma manomin namu, ina ya shiga?"

Keken Raliya ya tsaya. Wata kyanwa ta taho a hankali tana shinshinar kwanon.