Izu Ukun Da Suka Rage Wa Gwani

Duk wanda ya san Aujara ya san zauren Gwani Sharhabilu, ko da bai taɓa shiga ba. Alƙur'ani shida mutumin nan ya rubuta da ka, ba ya duba komai, daga shi sai alƙalami da tawada. Yana kan na bakwai, saura izu uku, wata Talata da la'asar ya sunkuya zai ɗauki buta, sai ji aka yi ya faɗi.

Kwana goma sha tara ya yi a asibiti a Dutse. 'Yarsa Mu'minatu, mai koyarwa a wata islamiyya a can, ita ta yi jinyarsa. A katin likita akwai wata kalmar Turanci da ta yi ta maimaituwa, sai ta tambayi wata nas. Nas ɗin ta ce ai duk abin da ya shafi ƙwaƙwalwa da ita ake faɗarsa, jijiya ce ta toshe masa a can ciki. Har ta ƙara da cewa da kalmar Turawa ke yabon mutum mai zurfin tunani. Mu'minatu ta ninke katin ta jefa a jaka.

To, hannu ya dawo. Ƙafa ma ta dawo, sai ɗan ja. Jama'a suka yi ta zuwa barka. Ba a rufa wata biyu ba Gwani ya sa aka dafa tawada, ya fere alƙalami ya hau buzunsa. Rubutu kuwa sak irin na da, baƙi na bin baƙi kamar an ja da zare.

Mu'minatu ta zo gida hutu, tana tattara masa takardun da suka bushe, idonta ya bi layi. Ita ma mahaddaciya ce, a gabansa ta haddace. Aya ta taso daidai, tana kaiwa tsakiya sai ta tsallaka cikin wata mai kama da ita a wata sura, ta yi layi biyu a can, ta dawo kamar ba abin da ya faru. Ta ɗauki ta biyu, ta uku. A takarda goma sha huɗu ta ƙirga wuri talatin da ɗaya.

Ga shi kuma a al'adar alarammomi ba a sa sabon rubutu a gafaka sai gwanaye sun zauna sun bi shi takarda takarda, wanda ya ga gyara ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Gwani har ya aika musu, bayan babbar salla za a zauna. Shekara arba'in ba a taɓa kama shi da tsallake ko ɗaya ba.

Ta yi tunanin ta sake rubuta su a ɓoye, amma wa za ta yaudara? Mutanen nan daga nesa suke gane hannu. Ta yi tunanin ta faɗa masa. Sau uku tana zuwa bakin zaure, ta tarar yana murmushi yana busa tawada, ta koma da maganar a bakinta.

Ran Alhamis sai ga Alaramma Ɗan'inna daga Miga a bayan babur, abokin karatun Gwani tun suna gardawa.

"Ashe kana nan, tsoho? Ni har na wanke rigar ta'aziyya."

"Mayar da ita adaka," in ji Gwani. "Sai na binne ka na ci gumbarka. Zauna, idan idon naka na gani."

"Idona ya fi kanka."

Mu'minatu ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye fura. Kafin ta miƙe Gwani ya riga ya tura masa takardun. Ta koma ta tsaya jikin ƙyaure.

Shi Ɗan'inna, tun da ake, bai taɓa mayar wa Gwani takarda bai soki wani abu ba. In bai sami kuskure ba zai ce tawada ta yi ruwa, ko wutsiyar wani baƙi ta yi gajarta, su kai azahar suna musu. Ya ɗauki ta farko ya bi. Ya ɗauki ta biyu. A ta uku ya daɗe ƙwarai. Ya ɗago ya dubi Mu'minatu, ta sunkuyar da kai.

"Madalla," ya ce, yana daidaita gefen takardun. "Lafiya lau, Gwani. Allah ya ƙara basira."

Gwani ya jira. Ba abin da ya biyo baya.

"Tawadar fa?"

"Ta yi kyau."

"Ɗan'inna, ni kake ce wa ta yi kyau?"

Alaramma ya ɗauki ludayi ya ajiye. Ya ce mai babur na jiransa, hadari na haɗowa. Ko furar bai sha ba ya fita.

Gwani ya dubi hannunsa na dama, ya juya shi gaba da baya kamar na aro.

"Mu'minatu."

"Na'am, Baba."

"Kin gani?"

"Na gani, Baba."

"Guda nawa?"

Ta so ta rage, bakinta ya ƙi. "Talatin da ɗaya."

Ya jawo takardar sama ya kafa mata ido, leɓɓansa na motsi, ya bi ta har ƙasa. Ya sake bi.

"Nuna min ɗaya."

Ta matso ta ɗora yatsa a wurin, ta karanta masa yadda ayar take. Ya saurara, ya sake duba rubutunsa.

"Wallahi ni daidai nake ganinta," ya ce a hankali.

Nan hawaye ya ƙwace mata. Ta ce ko ta riƙa zama kusa da shi tana ja masa baƙi yana rubutawa, wa zai sani? Ya ce shi zai sani. Ya ware takardun nan goma sha huɗu ya miƙa mata, ya ce ta ƙona su a wuri mai tsarki, ta haƙa rami ta binne tokar. Sauran izu hamsin da bakwai ya ɗaure su da tsirkiya ya tura bayan buzu.

"A aika wa gwanaye kada su zo."

"Me za a ce musu, Baba?"

"Ɗan'inna zai san abin da zai ce."

Ta fita da takardun a ƙirji. Da ta dawo neman ashana ta tarar ya juye tawadar a gindin bango, yana zaune yana kallon ƙasa tana shanye ta.