Usur a Bakin Suruki

Ni dai a benci na kalli ƙarshen wasan nan, ƙafata kumbure cikin bokitin ƙanƙara, don haka babu wanda zai gaya mini yadda aka yi. A shekarar 1991 ne, wata Asabar bayan la'asar, ƙungiyarmu ta Damisar Kawo ta karɓi 'yan Jos a ɗakin wasanni na dandalin Murtala. Wanda ya ci shi zai tafi Legas gasar ƙwallon kwando ta ƙasa, mu kuwa tun da aka kafa mu ba mu taɓa ƙetare gadar Kaduna da sunan gasa ba.

Tun kafin a jefa ƙwallo aka samu matsala. Motar babban alƙalin wasa ta lalace a hanya, kuma a cikin 'yan kallo mutum ɗaya ne mai lasisin busa, Malam Sanda na Unguwar Rimi, tsohon ma'aikacin gwamnati. Aka gaya wa kocin Jos gaskiya, cewa Idris, dogon da muke taƙama da shi a ƙarƙashin kwando, 'yar Malam Sanda yake aure, kuma ko lallen biki bai gama fita daga hannun amarya ba. Kocin ya yi dariya ya ce ya yarda, ai ya san mutumin, ko ɗan cikinsa ba zai ɗaga wa ƙafa ba.

Da Idris ya ga surukinsa ya tuɓe babbar riga ya rataya usur, sai kunya ta rufe shi. Mutumin da bai taɓa shan ko ruwa a gaban surukinsa ba, yau ga shi daga shi sai singileti da gajeren wando. Ya yi ta jan wandon nan ƙasa kamar zai ƙara masa tsawo.

Aka fara wasa, muka ga abin takaici. Duk lokacin da Idris ya zo giftawa ta gaban Malam Sanda sai ya rage gudu ya ɗan rusuna. Kafin ya miƙe 'yan Jos sun wuce, sai ya kai hannu a makare ya bugi mutum. Malam Sanda ya busa, Idris ya ɗaga hannu, kansa a ƙasa. Kafin hutun rabin lokaci ya tara fawul uku, aka dawo ya ƙara na huɗu. A wasanmu idan ka cika biyar ka fita ke nan.

Ana cikin haka na yi tsalle na dira a kan ƙafar wani, na ji idon sawuna ya ce ƙas, aka ɗauko ni. Ba a jima ba ɗan wasanmu Haruna ya cika biyar ya fito yana ƙunƙuni. Benci ya zama babu sauran mai shiga, sai ni da bokitina. Idan Idris ya fita, mutum huɗunmu za su ƙarasa da 'yan Jos biyar, Legas kuma sai dai mu ji ta a rediyo.

Kocinmu Labaran ya nemi ɗan hutu, ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, Idris dai sai kallon takalminsa yake. Sai Malam Sanda ya tako tsakiyar fili, fuskarsa babu annuri, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Lamba tara! Ka sake rusuna mini a filin nan, ɓata lokaci ne, busa maka zan yi."

"To, Baba," in ji Idris.

"Babu Baba a nan, alƙali ne. Ɗago kai ka yi abin da ya kawo ka."

Ɗaki ya kwashe da dariya, har da 'yan Jos. Idris ma ya yi murmushi, kuma wallahi daga nan kamar an kwance shi. Ƙwallo ba ta sake faɗowa daga allon kwando ba sai a hannunsa, yana tare mutane hannuwa sama, jiki bai taɓa jiki ba. Muka yi ta cikowa har muka wuce su da maki ɗaya, lokaci saura ƙiris.

Ɗan wasan Jos mafi sauri ya keto ta tsakiya ya tashi sama. Idris ya tashi tare da shi ya make ƙwallon, ta yi waje ɗaya. Kowa ya zuba wa Malam Sanda ido. Usur na bakinsa, amma bai busa ba, sai ya kaɗa hannu a ci gaba. Haka lokaci ya cika.

Ban san sa'ad da na miƙe na kifar da bokiti ba. Labaran yana kuka yana dariya, 'yan Hayin Banki, magoya bayanmu, suka ɓarko cikin fili suna ihun Legas. Idris kuwa murna ta rufe masa ido, ya juya ya rungumi wanda ya fi kusa da shi, ya ɗaga shi sama yana juyi da shi. Sai da ya ji ƙarfen usur a goshinsa ya ɗaga kai ya ga wanda ya ɗauka.

Malam Sanda, ƙafafunsa suna reto, ya cije dariya ya ce, "Sauke ni, Idris. Ka gode wa Allah lokaci ya ƙare, da wannan ne na biyar."