Yadda na kai Inna Gimbiya bakin kasuwa

Shekarar da na gama karatu a Yamai, wata ƙungiya mai horar da masu ƙananan sana'o'i ta ɗauke ni aiki. Aka ba ni babur da jaka, aka tura ni Gangara in koya wa mata masu tuya yadda za su bunƙasa sana'arsu. Ni kuwa ko ƙwai ban taɓa soyawa ba.

Na fara da bincike, kamar yadda aka koya mana a lakol, wato makaranta. Kasuwa uku a jere ina tsaye a mashiga da takarda da biro, ina ƙirga masu wucewa. Na gano cewa kowa ta nan yake shiga. Wannan ganowa ta burge ni ƙwarai.

Na tara matan, na zana musu taswira a allo, na ce duk mai son ciniki ta dawo bakin kasuwa. Babu wadda ta yi musu, babu kuma wadda ta motsa, sai Inna Gimbiya, wata dattijuwa da ta shekara ashirin tana tuyar ƙosai can baya, kusa da masu dabbobi.

"Malam Garzali," in ji ta, "tunda ka sha rana saboda mu, zan gwada."

Ran kasuwa ni da kaina na ɗauko mata kasko da murhu. Ta zuba mai, ƙamshi ya tashi. Mutane suka yi ta kwararowa, masu amalanke, masu babur, masu jan akuya. Kowa ya gaishe ta, kowa ya wuce. Har azahar kwanon ƙosan yana nan cike.

Kunya ta sa na fara saye da kaina. Na ci, na ƙara, na kira wani mai faci na ba shi, na sake ci. Da ta ga ina haɗiya da ƙyar, sai ta rufe kwanon.

"Ɗana, bari hakanan, kar ka kashe kanka. Wanda ya shigo kasuwa hankalinshi na ga akuyar da ya jawo. Sai ya saida ta, ya samu inuwa ya zamna, sannan yake tuna da cikinshi."

"Inna, don me ba ki faɗa mini ba tun farko?"

"Ba ka tambaya ba. Kuma na ga allon naka ya yi kyau."

Kwana biyu cikina yana kumbure. Da na warware, na rubuta maganar Inna a rahoto na kai buro, ofishinmu na Maraɗi. Shugabana ya karanta, ya ce wannan shi ne bincike mai zurfi, ya tambaye ni wace hanya na bi. Na yi tari, sannan na faɗi gaskiya.

Da za a yi horo na gaba a Gidan Sori, sai ya ce in je da Inna Gimbiya. Ta tsaya gaban mata arba'in ta yi magana a kan mai, da wake, da inda ake zama. Tambayoyi suka yi ta zuwa har la'asar. Ni ma an yi mini guda ɗaya: wata mata ta ce ko zan matsa kaɗan, na tare mata Inna.