Kusurwar Sanata Brockway

A garin su Wilma Hruska ba a ɓoye ake zaɓen ɗan takarar jam'iyya ba. Zauren wasannin makaranta ake cikawa, kowa ya je ya tsaya a kusurwar gwaninsa, maƙwabta na kallo.

Wilma tana kusurwar Sanata Brockway, mai neman shugabancin Amurka. Mutumin ya yi suna a majalisa wajen kare ma'aikata. Shekarar da injin kamfanin nama ya cinye mata yatsu biyu, har kicin ɗinta ya zo, ya sha kofi, ya riƙe dungun yatsun ya ce, "Wilma, muddin ina numfashi ba zan sha inuwa ɗaya da mai karya yajin aiki ba." Gwamna Tollefson yake nufi, abokin takararsa a yanzu, wanda ya turo 'yan sanda suka tarwatsa masu yajin a ƙofar kamfani.

Saboda wannan magana ta bi gida-gida cikin ƙanƙara, ta lallashi abokan aikinta suka fito. Ba ƙaramin abu ta roƙa ba, domin Orville, mijin ƙanwarta kuma shugaban sashensu a kamfanin, yana can kusurwar Gwamna yana haddace fuskoki.

"Yaya Wilma!" ya ƙwala mata kira. "Ku taho nan, mu muna da biskit. Ku me kuke da shi, wa'azi?"

"Ci abinka, Orville. Da ma cikinka ne ke yi maka zaɓe."

Aka yi dariya. Ana cikin haka wakilin Sanata ya sauke waya daga kunne, ya kasa haɗa ido da kowa. Ya ce umarni ya zo daga sama: Sanata ya janye, ya ce mutanensa su koma wajen Gwamna. An yi masa alkawarin kujerar mataimakin shugaban ƙasa.

"Wane Gwamnan?" in ji Wilma.

"Guda nawa ne, Yaya?" Orville ya amsa daga can.

Marisol, wadda suke yankan nama a teburi ɗaya, ta kama rigarta. "Kin ce ba zai sayar da mu ba. Orville ya riga ya gan ni. Gobe da wace fuska zan shiga aiki?"

Wilma ta dubi bajo mai hoton Sanata da ke ƙirjinta. Babba idan ya saɓa alkawari, ƙaramin da ya tsaya masa ne ke zama maƙaryaci.

Ɗaya bayan ɗaya suka tsallaka zauren, kai a sunkuye, Marisol a ƙarshe. Orville ya miƙa mata biskit, ta karɓa.

Shugaban taro ya matso. "Wilma, mutum ɗaya ba ya shiga lissafi. Ki zaɓi wata kusurwa."

"Na zaɓa tun ɗazu."

Ta kai hannu ta cire bajon Sanata daga ƙirjinta. Da yatsu uku abin bai zo da sauƙi ba, sai da allurar ta soke ta. Ta ajiye shi a ƙasa, fuskarsa na kallon siminti, ta ci gaba da tsayuwa har aka gama ƙirga.