Sunan Ango a Kan Dutsen Kabari

Ranar Asabar ɗin da za su fita yawon sallamar gwaurancin abokinsa Hynek, Radim ya biya ta gidan mahaifiyarsa da sassafe don ya kai mata magani. Ya same ta a kicin tana datse wa furanni gindi, waɗanda za ta kai maƙabarta. Shekara biyar ke nan da rasuwar ƙanwarsa Blanka, kuma tsohuwar ba ta taɓa tsallake Asabar ko ɗaya ba.

"Yau ne za ku tafi shan giyar taku?" ta tambaya ba tare da ta ɗago ba.

"Yau ne, Mama."

"To ka faɗa wa mijin ƙanwarka ya je ya kankare sunansa daga kan dutsen 'yata. Tunda ya samu wata, ya bar mata wurinta. Ba zan riƙa zuwa ina goge sunan mijin wata mata da tsummana ba."

Lokacin da Blanka ta rasu, Hynek ne ya sa aka sassaƙa dutsen kabarin da sunaye biyu: nata a sama, nasa a ƙasa, da shekarar haihuwarsa, aka bar fili a gefe ana jiran ta mutuwa. A lokacin kowa ya yaba. Yanzu saura mako guda ya auri Dita, wata malamar makaranta daga garin Jihlava, kuma ya zaɓi Radim ya zama shaidarsa. Ai tun suna 'yan aji ɗaya suke tare, shi ne ma ya fara kawo Hynek gidansu, har ya ga Blanka.

"Yau ba ranar wannan maganar ba ce," in ji Radim.

"Da kai babu ranar kowace magana. Ka faɗa masa, ko ni in je ɗaurin auren in faɗa."

Su huɗu ne suka haɗu a tashar jirgin ƙasa, don babu wanda ya yarda ya tuƙa mota ya zauna yana kallon wasu suna sha. Ga Hynek, kafinta mai shekara hamsin da ɗaya, cikin sabuwar riga da ba ta saba da jikinsa ba. Ga Lubor, abokinsu na ƙuruciya, wanda bakinsa ba ya hutawa. Na huɗun shi ne Vilem, wan amarya, mutum mai shiru da tabarau, wanda yau ne Radim ya fara ganinsa.

Kafin jirgi ya tashi Lubor ya zaro sarƙar roba mai baƙar ƙwallo, irin ta fursunoni, ya durƙusa da ƙyar ya ɗaura ta a ƙafar Hynek.

"Ango mai furfura, ka fara sabawa tun yanzu!"

"Kai dai tashi kafin gwiwarka ta ƙi miƙewa, mu rasa mai ɗaga ka," in ji Hynek.

"Ni da na yi aure uku? Ai ni likita ne a wannan fannin."

"Likitan da marasa lafiyarsa uku suka gudu."

Har Vilem sai da ya murmusa. Radim ya yi dariya tare da su. Yana kallon gonakin dankali suna wucewa ta taga, yana juya saƙon uwarsa a baki kamar ƙashin kifi. Abin da ya fi damunsa shi ne, in ya bincika zuciyarsa, bai tabbata ya ga laifin tsohuwar ba.

Gidajen giya uku suka shirya zagawa. Na farko a tsohuwar bargar dawaki yake, a wani ƙauye da ke da coci ɗaya da tafki ɗaya. Matar da ke dafa giyar da kanta ta zagaya da su, sanye da takalman roba. Ta ba su tsiron sha'ir suka tauna, ta kai su gaban manyan tukwanen jan ƙarfe inda tururi ke tashi da ƙamshi irin na burodin da bai gama gasuwa ba, sannan ta saukar da su ɗakin ƙasa mai sanyi inda giyar ke kwance tana jiran lokacinta. Daga bakin tanki ta tsiyaya musu, fara-fara, ba a tace ba. Suka haɗa kofuna, kowa ya kalli idon ɗan'uwansa, suka taɓa gindin kofi a kan ganga kafin su kai baki.

Da Hynek ya kalli idonsa, Radim ne ya fara kawar da kai.

A tsakar gidan aka kawo musu cukun da aka jiƙa a mai da albasa da barkono, da baƙin burodi. Hynek ya yi ta ba Vilem labarin yadda Radim ya taɓa faɗawa tafki da keken mahaifinsa. Radim ya lura duk labaran da yake zaɓa waɗanda babu Blanka a ciki ne, alhali ranar keken ita ce ta tsaya a bakin ruwa tana ihu. Yana yanke ta daga cikin labari kamar yadda yake yanke ɓangaren katako mai ƙulli. Wannan ya sosa wa Radim rai fiye da auren ma.

Wajen ƙarfe ɗaya suka isa gida na biyu, a bakin kogi, inda Radim ya sa a ajiye musu tebur. Aka fara da miyar tafarnuwa, sannan aka shigo da gasasshiyar agwagwa guda biyu, fatarsu ta yi ja tana ƙyalli, da jan kabeji, da yankakken knedliki, wato turararren burodi, yana tsotse romo. Baƙar giyar gidan kumfarta kamar a yanka da wuƙa. Suka duƙufa kan abinci.

Lubor ne ya miƙe, kofi a hannu, fuskarsa ta yi ja.

"Jama'a, ku ba ni minti ɗaya. Shekara arba'in na san wannan mutumin. Ba shi da kyau, ba shi da wayo, kuma yana minshari. Amma Allah ya yi shi da sa'ar mata. Saboda haka mu ɗaga kofi, Allah ya ba da zaman lafiya, ga Hynek da Blan..."

Ya tsaya. Rabin sunan ya riga ya fita, kowa kuma ya ji shi.

"Dita," in ji Vilem a hankali, yana gyara tabarau. "Sunan ƙanwata Dita."

"Dita mana! Wallahi bakina ne... Hynek, ka san dai..."

"Zauna, Lubor," in ji Hynek. Bai ɗaga murya ba. Ya sha kurɓi ɗaya don kada kofin ya koma tebur haka nan, ya goge baki, ya sunkuya ya kwance sarƙar robar daga ƙafarsa, ya fita ta ƙofar baya.

Radim ya bari ya ɗan yi nisa, sannan ya bi shi. Ya same shi zaune a kan wata tsohuwar ganga a bakin kogin, kusa da inda aka tara dusar sha'ir tana jiran mai shanu ya zo ya kwasa. Rana tana dukan ruwa. Radim ya jawo akwati ya zauna.

"Kada ka riƙe Lubor," ya ce.

"Wa ya riƙe shi? Ni ma sau biyu na yi hakan. Sau ɗaya a gaban uwar Dita."

Radim ya ga in bai faɗa yanzu ba, ba zai taɓa faɗa ba.

"Mama ta ba ni saƙo. Ta ce ka cire sunanka daga kan dutsen."

Ya yi zaton Hynek zai yi fushi, ko ya yi gardama. Sai ya ga mutumin ya rufe fuska da tafukansa masu kanta, ya yi wata 'yar dariya mara daɗin ji.

"Ita ma?"

"Ita ma kamar yaya?"

"Dita ta roƙe ni tun watan jiya. Ba da faɗa ba. Na kai ta ta ga wurin, ta ajiye fure, ta tsaya tana karanta sunana. A mota ta ce mini, Hynek, ba na kishi da wadda ta mutu, amma yaya zan auri mutumin da aka riga aka rubuta inda zai koma? Na ce mata ba zan iya taɓawa ba, Mama za ta ji ciwo. Da sunan Mama na fake, Radim. Sau biyu ina zuwa ƙofar mai sassaƙa dutse ina juyowa."

"To ai yanzu an sauƙaƙa maka. Duk su biyun abu ɗaya suke so."

"Ni ne ba na so."

Ya faɗe shi a hankali, yana kallon ruwa. Ya ce a asibiti, kwana uku kafin ta cika, Blanka ta ce masa ba mutuwar take tsoro ba, zama ita kaɗai a maƙabarta can kan tudu take tsoro, ita da ko cefane ba ta son zuwa ba abokin hira. Ya ce mata ta kwantar da hankalinta, yana nan tafe. Shi ya sa ya rubuta sunan, don ta gani.

"Ina son Dita," ya ce. "Ban yi zaton zan sake jin motsin mutum a kicin in ji daɗi ba. Amma in na sa aka kankare sunan nan, na yi wa ƙanwarka ƙarya a kan gadon mutuwa. Shi ya sa ba na iya ambatonta a gaban Vilem. In na fara, ba zan iya tsayawa ba."

Wata shida ke nan Radim yana kallon Hynek a matsayin wanda ya warke ya bar su a baya, shi da tsohuwa da tsummanta. Ashe mutumin bai je ko'ina ba. Ya tsinci tsakuwa ya jefa a kogi. Ya tuna ɗakinsa na hawa na uku, da matarsa da ta tafi tun shekara goma sha biyu, da cewa bai taɓa tunanin inda za a binne shi ba.

"Ka je ka cire," ya ce. "A sa nawa."

Hynek ya juyo ya dube shi.

"Ba wasa nake ba. Ba ni da mata, ba ni da niyyar yi. Ɗaki ɗaya muka kwana ni da ita har na shekara sha huɗu. Alkawarin da ka yi mata shi ne ba za ta zauna ita kaɗai ba, ko ba haka ba? To ba za ta zauna ba."

"Kai? Ai za ta cinye ka da mita. Ko safarka ba ka iya ajiyewa wuri ɗaya."

"Na saba. Kai ne ka zo daga baya, suruki."

Hynek ya so ya yi dariya, sai kuka ya riga ta. Radim bai taɓa shi ba, bai kuma kalle shi ba, ya dai zauna kusa da shi har kukan ya lafa. Sannan ya miƙa masa hankici, ya ce ya goge fuska kada wan amarya ya zaci dole aka yi masa.

Da suka koma ciki, agwagwar ta huce. Lubor na zaune kamar wanda aka yi wa mutuwa, Vilem kuma ya sa an rufe musu faranti. Hynek ya zauna, ya dubi Vilem kai tsaye.

"Matata ta farko sunanta Blanka. Ƙanwar wannan ce. Ya kamata in ba ka labarinta tun tuni."

"Ina ji," in ji Vilem, ya tura masa kwandon burodi.

Ba su je gidan giya na uku ba. A nan suka zauna har la'asar, Hynek yana magana, Lubor yana cike masa inda ya manta, har suka kusa rasa jirgin ƙarfe biyar.

Ranar Laraba suka hau tudun tare da mai sassaƙa dutse. Aikin bai kai awa biyu ba. Radim ya riƙe tiyon ruwa, Hynek ya tsaya daga baya da hularsa a hannu, injin yana cin harafi ɗaya bayan ɗaya. Da mai aikin ya tambaya ko a rubuta sabon sunan yau, Radim ya ce a bari tukuna, sai ya yi magana da tsohuwa.

Da yamma ya faɗa mata. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce ita ba ta haifi ɗa don ta karanta sunansa a kan dutse ba, ya jira sai bayan ranta ya yi haukarsa. Ɗaurin auren kuwa ba ta je ba. Radim ya je, ya tsaya a gefen Hynek cikin kwat ɗin da ta matse shi a hammata, ya sa hannu a inda aka nuna masa.