Na Juya wa Baba Bayan Makirufo

Ranar Litinin likita ya gaya mana ƙiri-ƙiri: ranar Alhamis za a yi wa Baba aiki a maƙogwaro, kuma abin da za a cire, da shi ake magana. Ni ce na yi ƙarfin halin tambaya ko muryar za ta dawo. Ya dubi takardarsa, ya dube ni, ya ce a'a.

Baba fa! Mutumin da ya shekara talatin yana tuƙa babbar mota, wanda in ya ƙwala wa ɗayanmu kira daga bakin titi sai 'ya'yan maƙwabta su amsa. Yanzu muryar ta dushe, in ya yi maganar minti ashirin sai tari ya sarƙe shi, ya wuni bai ƙara cewa uffan ba. Ga ni da ciki wata bakwai. Tun a farfajiyar asibitin abu ɗaya nake tunani: abin da zan haifa ba zai taɓa jin muryar kakansa ba.

Da muka koma gida na gwada ɗaukarsa da wayata. Da na kunna, ƙarar fanka na ji, da injin niƙan bayan gida, Baba kuwa sai ka rantse daga ƙarƙashin gado yake magana. Yayana ya ce ai sai an je situdiyon da ke can saman bene. Na ce, "Yaya, da wane ƙarfin zai hau bene uku? Kai dai ba ka rasa shawarar da ba za a iya ba."

Talata na shiga layin masu kayan lantarki. Mai shagon da na samu dattijo ne mai haƙuri, ni ce ba ni da shi. Ya jera mini makirufo huɗu a kan tebur. Biyu ko tambayar kuɗinsu ban yi ba, ganin kwalinsu ya ishe ni. Ya ɗaga wani mai kama da tocila.

"Wannan na mawaƙa ne, sai an kai baki dab da shi, kuma yana son murya mai ƙarfi." Ya ɗaga ɗayan, mai ƙafa uku. "Wannan kuwa ko haɗiyar miyau kika yi zai ɗauka. Kai tsaye ake sa shi a kwamfuta, ba ya buƙatar wata na'ura. Amma ki kashe fanka da firij, ki rataya barguna. Kuma ta gaba kawai yake ji."

"Muryar da ta kusa ƙarewa fa?"

"Na biyun, 'yata."

Na biya, na fizgi ledar. Yana ce mini in tsaya ya nuna mini yadda ake kafa shi, na ce ina sauri. Wallahi har yau in na tuna saurin nan sai in ji kamar in mari kaina.

Laraba da hantsi muka gyara ɗakin Baba. Yaya ya rataya barguna a taga da ƙofa, ya je ya roƙi mai niƙa ya ba mu awa ɗaya. Na kafa makirufon a tsakanina da Baba, na jona shi da kwamfutata. Gefe ɗaya yana da 'yar fitila shuɗiya da maɓalli, ɗaya gefen ba komai. Sai na juyo fitilar wajena, don in riƙa gani ko yana aiki. Iyafis yana jakata, ban sa ba, ba na son in toshe kunnena alhali Baba yana magana a gabana.

"Da wa zan yi?" in ji shi.

"Da jikanka."

Ya gyara zama ya fara. Ya faɗi sunan mahaifinsa da na kakansa. Ya ba da labarin ranar da birki ya ƙwace masa a gangare, da yadda ya fara ganin Innarmu tana masa faɗa don ya watsa mata ruwan kwata da taya. Har dariya ya yi. Ni dai na sunkuyar da kai ina murmushin dole, hannuna a baki. Minti ashirin da biyu, tarin ya zo. Yaya ya ba shi ruwa, ya jingina da bango yana haki.

Na sa iyafis na kunna. Numfashi na fara ji, kusa, mai rawa. Sai jan hanci. Sai wani ɗan sauti na wadda take danne kuka a maƙoshi. Ni ce. Baba yana can nesa, kalma ɗaya ta fito, uku su nutse. Na ja gaba, na ja baya, ko'ina haka. Ashe gefen fitilar nan shi ne gaban makirufon.

"Innalillahi," na ce. Gobe ƙarfe bakwai za a shiga da shi, kuma na ƙarar masa da muryar yau a banza.

Yaya ya buɗe baki zai fara, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya miƙo tafinsa, iyafis yake so. Na girgiza kai. Ya ƙi janye hannun. Na ba shi.

Ya daɗe yana saurare, idonsa a kaina. Wata biyu ina ce masa ba komai, aikin ƙarami ne, ina tsokanarsa da cewa za mu huta da faɗansa. Yanzu ga shi yana jin gaskiyata a cikin kunnensa, kuma ba ni da inda zan ɓuya.

Ya cire iyafis ɗin. Ya kama makirufon da kansa, ya juya fitilar ta fuskance shi, ya nuna mini kwamfutar da haɓa.

"Baba, likita ya ce kada ka matsa wa—"

Ya harare ni irin hararar da. Na danna.

Ya matso, ya tattaro abin da ya rage. Muryar ta fito a kakkarye, amma tas take.

"Kai na cikin ciki. Wadda ka ji tana kuka ɗin nan uwarka ce. Matsoraciya ce, ni ma haka, yau tsoro nake ji. Ka riƙe mini ita."

Tarin ya dawo, bai sake shi ba har la'asar. Daƙiƙa goma sha tara muka samu. Na tura su wayata, da ta Yaya, da ta mijina, sannan na tashi na haɗa masa jakar asibiti.